Tsohon Soja da Jinyar Zuciyarsa: Dalilin Shigar Gidauniya Cikin Wannan Aiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Daga cikin shawarwarin da majalisar amintattu ta yanke a shekarar da muke ba da rahotonta, babu wadda ta jawo tambayoyi kamar ta ware wani kaso na ribar wakafi domin tsofaffin sojoji masu fama da damuwa da firgici. Wasu masu bayarwa sun ce ai wannan nauyin gwamnati ne, tunda ita ta tura su bakin daga. Wasu sun tambaya ko zakka ta halatta ga mutumin da ke karɓar fansho. Wani shugaban kwamitin masallaci kuma ya gaya mini a fili cewa a ganinsa irin wannan ciwo ba ya buƙatar komai sai ƙarin salla da zikiri. Duk waɗannan tambayoyi ne na masu kishin dukiyar Allah, kuma sun cancanci amsa. Wannan maƙala ƙoƙari ce ta bayyana ciwon da ake magana a kansa, da dalilin da ya sa muka tsara aikin yadda tsohon soja zai zama shi ne mai riƙe da ragamar jinyarsa, da kuma inda zakka da wakafi kowane ya shigo.

Yadda abin ya iso ƙofarmu

Ba mu fita neman wannan aiki ba. Wani dattijo da ya yi ritaya da muƙamin samanja ya zo ofishinmu neman taimakon kuɗin haya, aka ba shi. Bayan watanni ya dawo, domin ya bar aikin gadin da aka samar masa. Da ya zo a karo na uku, sai ma'aikacinmu ya kai ziyara gidan kamar yadda ƙa'ida ta tanada. A nan ne mai ɗakinsa ta ce masa: “Malam, ku daina wahalar nema masa aiki. Mutumin nan ba ya barci. In babur ya yi ƙara sai ya kwanta ƙasa, in yaro ya buga ƙofa da ƙarfi ranar ba mai zaman lafiya a gidan nan.” Da na zauna da shi na ce, “Baba Samanja, me ya hana ka gaya mana tun farko?” sai ya ce, “Malam Sakatare, kun tambaye ni nawa ne kuɗin haya, na gaya muku.”

Amsar nan ta nuna mana gurguncin hanyar da muke bi. Muna ta biyan haya da bashin mai kanti, alhali abin da ke cinye aikin da kuɗin yana nan ba a taɓa shi ba, kuma mutum ɗaya tilo da ya san shi ciki da waje ba a tambaye shi ba.

Su wane ne 'yan mazan jiya

Babu unguwa a garuruwanmu da ba ta da tsohon soja. Kakanninmu sun yi yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a rundunar da Hausa ce harshen barikinta. Bayansu an je Kwango a farkon shekarun 1960, aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, aka je Laberiya daga 1990 sannan Saliyo a ƙarƙashin rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, aka kuma je Darfur aikin kiyaye zaman lafiya. Daga 2009 zuwa yau kuwa dubban matasa sun yi shekaru a Borno da Yobe da Adamawa da gaɓar Tafkin Chadi, tare da takwarorinsu na Nijar da Chadi da Kamaru, wasu kuma suna dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. A gefensu akwai 'yan kato da gora da suka tashi a Maiduguri a 2013, da 'yan sanda da mafarauta, waɗanda suka ga abin da sojoji suka gani ba tare da sun sami ko rabin kulawarsu ba.

Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni domin tunawa da waɗanda suka rasu. Waɗanda suka dawo da rai kuwa, da zarar sun miƙa kaki sai su bar bariki da abokan da suka san abin da ya faru, su koma cikin mutanen da ba su taɓa jin ƙarar nakiya ba. Da yawansu suna komawa lafiya, su kama sana'a, su riƙe iyali. Amma akwai waɗanda yaƙin ke biyo su har gida, kuma su ne maganarmu.

Abin da ciwon yake

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da shirin tsira. In haɗari ya taso, zuciya ta ƙara bugu, ido da kunne su buɗe, barci ya gudu, jiki ya shirya wa faɗa ko gudu. Wannan shiri ne ke ceton soja a wurin kwanton ɓauna. Matsalar tana zuwa ne idan haɗarin ya wuce amma jiki ya ƙi sauka daga shirin. Likitoci suna kiran wannan ciwon firgicin bayan bala'i idan ya haura wata guda yana hana mutum tafiyar da rayuwarsa, kuma alamunsa sun kasu gida 4. Akwai dawowar abin da ya faru, a mafarki ko ido biyu, har mutum ya ji ƙauri da ƙarar wurin kamar yanzu ake yi. Akwai gudun duk abin da zai tuna masa, kamar kasuwa da cunkoso da ganin jini ko hirar yaƙi. Akwai zama cikin shiri kullum, da zabura, da saurin fushi, da rashin barci. Akwai kuma sauyin hali, inda mutum zai ji zuciyarsa ta bushe, ya daina jin daɗin 'ya'yansa, ya riƙa ɗora wa kansa laifin mutuwar abokansa. Ciwon yana iya bayyana nan da nan, yana kuma iya ɓoyewa shekaru sai bayan ritaya, lokacin da fareti da umarni suka daina cika masa yini.

Sau da yawa ba ya zuwa shi kaɗai. Baƙin ciki mai tsanani yana raka shi, haka ma ciwon jiki daga tsohon rauni, da illar girgizar ƙwaƙwalwa ga wanda bam ya tashi kusa da shi. Wanda ya rasa barci yakan nemi abin da zai sa shi barci, shi ya sa tiramadol da wiwi da giya da ƙwayoyin barci suke shiga labarin. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma haramci ba ya cire dalilin da ya kai mutum ga sha.

Wannan ciwo ba hauka ba ne a ma'anar da jama'a suka sani. Mai shi yana da hankalinsa, yana sallarsa, yana cinikinsa, shari'a tana karɓar shaidarsa. Kuma yana jin magani. Hanyar da ta fi inganci ita ce zaman tattaunawa da ƙwararre, galibi sau ɗaya a mako na wata 2 zuwa 4, inda ake koya wa mutum fuskantar abin da yake gudu a hankali har jikinsa ya gane cewa haɗarin ya wuce. Akwai kuma ƙwayoyin rage damuwa da likita ke rubutawa, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu.

Me ya sa sai shi ya riƙe ragama

In mutum ya karye, likita zai ɗauki hoton ƙashi ya ga karayar ko majinyaci bai ce uffan ba. Ciwon zuciya ba shi da irin wannan hoto. Likita ba zai san komai ba sai abin da aka gaya masa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ne dalili na farko.

Na biyu, mafi yawan jinyar a gida ake yin ta. Ganin likita sa'a guda ne ko ƙasa da haka, sauran kwanakin kuwa majinyaci ne zai sha magani a kan lokaci, ya yi atisayen da aka ba shi, ya daure ya shiga kasuwar da yake gudu. Wanda aka jawo shi asibiti da ƙarfi ba zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Yakan sha magani mako guda, bai ga canji ba, ya watsar.

Na uku ya shafi tarbiyyar soja. An horar da shi ya karɓi umarni ba tambaya, ya ɓoye ciwo, kada ya nuna rauni a gaban na ƙasa da shi. In ya zauna gaban likita sai ya ɗauke shi kamar hafsa, ya amsa da “to” ga komai, ya fita bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Dole a koya masa cewa a wannan ɗakin tambaya da musu haƙƙinsa ne. Ga shi kuma asalin ciwon ya samo tushe ne daga lokacin da mutum ya rasa iko da abin da ke faruwa da shi. Jinyar da za ta sake ƙwace masa iko tana tono masa miki, wadda ke ba shi zaɓi kuwa tana dawo masa da abin da ya rasa.

Na huɗu shi ne ƙarancin likitoci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha faɗin cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. A arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Duk da haka mutumin ƙauye sai ya yi tafiyar sa'o'i ya bi layi kafin ya sami mintoci kaɗan. Wanda ya zo da shirinsa shi ne zai ci moriyar waɗannan mintoci.

Abin da wasu suka gwada

A Amurka, sojojin da suka dawo daga Biyetnam ne suka fara taruwa da kansu a birnin New York a 1970 suna ba juna labarin abin da ke damunsu, suka gayyaci likitoci su zauna tare da su a matsayin abokan zama. Matsin lambarsu na daga cikin abin da ya sa aka buɗe cibiyoyin ba tsofaffin sojoji shawara a cikin unguwanni a 1979, aka kuma shigar da ciwon cikin littafin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙasar a 1980. A 2012 shugaba Obama ya ba da umarnin a ɗauki tsofaffin sojoji 800 da suka sha irin wannan ciwo suka farfaɗo, a horar da su su riƙa tallafa wa 'yan uwansu a asibitocin hukumar tsofaffin sojoji.

Ba sai mun je nesa ba ma. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa jinya da rana, suna rayuwa cikin jama'a. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su zaɓi matsala guda su tsara yadda za su warware ta da kansu. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba kulawar da aka saba. Darasin da muka ɗauka shi ne, mutumin da ba likita ba yana iya yin aiki mai amfani in an horar da shi, aka kuma sa ƙwararre yana duba aikinsa.

Yadda riƙe ragamar yake a aikace

Abu na farko shi ne sani. Tsohon soja ya san sunan abin da ke damunsa, ya san cewa dubban jarumai sun sha shi, ya san yana warkewa. Wannan bayani ya fi shiga idan ya fito daga bakin wanda ya taɓa sa kaki.

Na biyu, shirin ganin likita. Muna ba kowane majinyaci ƙaramin littafi ya riƙa rubuta sa'o'in barcinsa, da abin da ya zaburar da shi, da abin da ya sha, da boko ko da ajami, ko ɗansa ya rubuta masa. Kafin ranar asibiti zai fitar da tambayoyinsa: mene ne sunan ciwona, waɗanne hanyoyin magani ake da su, yaushe zan ga canji, wace illa maganin ke da ita, yaya zan yi da azumi. Ya kuma faɗi gaskiya game da duk ƙwaya ko maganin gargajiya da yake sha, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na uku, shi zai faɗi burinsa. Likita yana auna sauƙi da raguwar alamu, majinyaci kuwa yana iya cewa abin da yake so shi ne ya iya tsayawa sahun Juma'a har a sallame, ko ya raka 'yarsa ɗakin miji ba tare da ya gudu daga taro ba. A kan irin wannan buri ake gina matakan jinya. In magani ya dame shi, ya koma ya faɗa a canza masa, kada ya yanke shi da kansa, domin yanke wasu magungunan farat ɗaya yana da haɗari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙin a nemi yardarsa, a kiyaye sirrinsa, kada a nuna masa wariya.

Na huɗu, zaman 'yan uwa. Ƙananan rukunoni ne na tsofaffin sojoji da ke haɗuwa a kai a kai, ɗaya daga cikinsu yana jagoranci. Su suke tsara dokokinsu, babbar cikinsu kuwa ita ce abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita, kuma muƙami yana tsayawa a bakin ƙofa. Ba a tilasta wa kowa ba da labarin yaƙi, domin tona irin wannan labari ba tare da ƙwararre ba yana iya ƙara ciwo. Aikin jagora shi ne sauraro, da raka ɗan uwa asibiti, da bin sawun wanda ya daina zuwa. Ba ya rubuta magani, ba ya yanke hukuncin ciwo, kuma shi ma yana da wanda yake kai wa damuwarsa.

Na biyar, iyali. Mace ce ke kwana da firgicin, yara ne ke tafiya da sanɗa a gidansu. Da izinin maigida ake shigo da su, a koya musu abin da ke faruwa. Sai dai ciwo ba uzuri ba ne na duka. Inda ake dukan mace ko yara, tsaronsu ne a gaba da komai.

Na shida, shirin ranar wahala. Tun yana cikin natsuwa mutum zai rubuta alamun da ke nuna masa cewa abin yana dawowa, da mutane 2 ko 3 da ya yarda a kira, da asibitin da za a kai shi, da wanda zai ajiye masa makami ko ƙwayoyi har ya natsu. Duk wanda ya ambaci kashe kansa, ko da cikin raha, a ɗauki maganar da gaske, a tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi.

Ciwo da imani

Ga ɗan uwa da ya ce ƙarin salla ya isa, amsarmu tana farawa da yarda cewa salla da zikiri da karatun Alƙur'ani natsuwa ne ga zuciya, kuma ba mu da shirin da zai raba majinyaci da su. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, bai ware ciwon zuciya daga umarnin ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Bayan Uhudu, inda aka kashe kimanin sahabbai 70, Suratu Ali Imrana ta ba da labarin gyangyaɗin da Allah ya saukar wa muminai a matsayin aminci bayan baƙin ciki, wato ta lissafa barci cikin ni'imomin mayaƙi. A cikin surar dai aka umarci Annabi ya yafe wa waɗanda suka ja da baya a ranar, ya nema musu gafara, ya kuma ci gaba da shawara da su. Mayar da mutum cikin masu shawara bayan ya ji ya gaza, shi ne ruhin abin da muke ƙoƙarin yi.

Akwai wani nauyi da malami ya fi likita iya ɗauka. Wasu sojoji abin da ke cinsu shi ne abin da hannunsu ya aikata, ko abin da suka gani suka yi shiru. Usama ɗan Zaidu, Allah ya yarda da shi, ya kashe wani mutum a fagen fama bayan ya furta kalmar shahada, Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani, har Usama ya yi burin da ma sai a ranar ya musulunta. Bai hallaka da nadamar ba, ya rayu har aka naɗa shi jagoran runduna. Mai irin wannan ciwo yana buƙatar malamin da zai saurare shi, ba zai ce masa ba komai ba, ba kuma zai rufe masa ƙofar tuba ba, sannan ya nuna masa hanyar gyara gwargwadon hali.

Magabata ba su ga karo tsakanin addini da wannan ilmi ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani. Ya shawarci mutum ya tanadi tunani mai kyau tun yana lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida, ya kuma nemi nasihar wani daga waje in abin ya fi ƙarfinsa. Ruƙiya ta shari'a halal ce, ba ta hana asibiti. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mari da bulala da hana abinci da sunan fitar da aljani. Abin da aka gani a gidajen marin da 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Katsina a 2019 ya isa wa'azi.

Rabon zakka da rabon wakafi

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka ga kaso 8. Tsohon soja ba ya shiga kason masu yaƙi don Allah, domin a mazhabar Malikiyya wannan kaso na wanda ke cikin aikin ne. Yana shiga ne ta ƙofar talauci ko bashi kamar kowane Musulmi. Faƙiri a wurin malamanmu shi ne wanda bai mallaki abin da zai ishe shi shekara ba, don haka fanshon da ba ya kaiwa ƙarshen wata ba ya fitar da mutum daga wannan suna. Wanda fanshonsa ya wadace shi kuwa ba ya cin zakka, ko da yana fama da ciwon. Kowane mai nema ana bincika halinsa shi kaɗai. Abin da aka ba shi ya zama mallakarsa, ya saye magani, ya biya kuɗin mota zuwa asibiti, ko ya ja jari.

Horar da jagororin zama, da alawus ɗinsu, da ladan ƙwararren da ke duba aikinsu, da ɗakin taro, duk ba a taɓa zakka dominsu, domin jumhurun malamai ba su halatta kashe ta a gine-gine da ayyukan gama-gari ba. Wannan fagen wakafi ne, kuma tsohon fagensa ne. Asibitin da Nuruddin Zanki ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da wakafi aka tafiyar da su ɗaruruwan shekaru, kuma suna da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. Wakafi yana da wata fa'idar kuma. Rundunar soja ta haɗa Musulmi da Kirista, sun kwana rami ɗaya, kuma zaman 'yan uwa ba zai yiwu a kore wani daga cikinsa saboda addini ba. Wakafi da sadakar ganin dama suna halatta ga wanda ba Musulmi ba, sai dai in mai wakafin ya shardanta akasin haka, kuma sharaɗinsa abin kiyayewa ne.

Game da cewa nauyin gwamnati ne, gaskiya ne, kuma ba mu sauke mata shi ba. Daga cikin aikin jagorori akwai taimaka wa ɗan uwa ya bi haƙƙinsa a hukumar fanshon sojoji da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa da asibitocin soja. Sai dai maƙwabcin da yara ke tsoron dawowarsa gida ba zai jira ranar da takardu za su kammala ba.

Abin da muke roƙo

Daga kwamitocin masallatai muna roƙon abubuwan da ba sa cin kuɗi. A ba da ɗakin Islamiyya ko wani wuri mai sirri domin zaman 'yan uwa a lokacin da ba kowa. Liman ya keɓe huɗuba guda kan halaccin neman maganin ciwon zuciya, ba tare da nuna wani ba. A daina kiran mutum da laƙabin da ke nuna taɓin hankali, a hana yara tsokanarsa ko jefa masa abin fashewa lokacin bukukuwa. Wanda ya fi son tsayawa ƙarshen sahu kusa da ƙofa a ƙyale shi. In kwamiti ya ga wanda yake zaton yana buƙatar taimako, a nemi tsohon soja ɗan uwansa ya yi masa magana a keɓe, kada a kawo mana sunan kowa sai da saninsa da yardarsa. A kuma ba su aiki. Mutumin da ya shekara yana tsara motsin ɗaruruwan mutane zai iya tsara rabon abincin azumi da filin Idi, kuma jin cewa ana buƙatarsa yana ƙarfafa shi.

Daga masu bayarwa muna roƙon haƙuri da dogon numfashi. Wannan aiki ba shi da hoton da za a nuna kamar rijiya ko buhun hatsi, kuma ba za mu buga fuska ko sunan majinyaci a rahoto ba. Jinyar da aka fara aka yanke saboda kuɗi sun ƙare takan sa mutum ya yanke ƙauna daga magani baki ɗaya, shi ya sa muka fi buƙatar wakafi mai kawo riba duk shekara, kamar shago ko gona ko gidan haya, a kan kyauta ta lokaci ɗaya. Majalisar amintattu ta kuma amince tsofaffin sojoji su zauna cikin kwamitin da ke kula da wannan kaso, da cikakkiyar murya a kan yadda za a kashe shi. Dattijon da na ambata a farko yana cikinsu. Har yanzu yana ganin likitansa, barcinsa ya fara daidaita, kuma shi ne ya nace a sa kuɗin motar mai rakiya cikin kasafi, abin da mu ba mu tuna da shi ba.

Allah ya karɓi zakkar masu zakka, ya sa albarka a wakafin masu wakafi, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakataren Gidauniya